Kiyashi Uku a Ƙoƙon Nono

Jikokina suna yi mini tsiya wai ina hira da kiyashi. In na ga layinsu a bakin ƙofa nakan tsaya in zuba musu ido har kokon hannuna ya huce, su kuwa yaran su ƙyafci juna suna dariya, wai tsohuwa ta fara ruɗewa. Ban ruɗe ba. Akwai abin da ke tsakanina da ƙwaron nan tun shekarar da Turawa suka miƙa mulki, kuma ban taɓa ba kowa labarinsa daga farko har ƙarshe ba. Yanzu da duk waɗanda zan ji nauyinsu suka riga mu gidan gaskiya, bari in rubuta shi yadda ya faru.

A Tambuwal aka haife ni, Kebbe aka kai ni aure. Mijina manomi ne mai 'yan shanu a bayan gida, mutum marar hayaniya, irin wanda in ka tambaye shi ko miya ta ji gishiri sai ya ce yadda kuka gani. Mu uku ne a gidan, ni da shi da mahaifiyarsa, wadda nake kira Gwaggo. Kada mai karatu ya zaci Gwaggo muguwa ce. Da muguwa ce ai da na huta, da na tsane ta na wuce wurin. Mace ce mai kyauta, ba ta taɓa cin nama ban ci ba. Sai dai in ta riƙe abu ta riƙe shi ke nan, ko liman bai isa ya ɓamɓare shi daga hannunta ba.

Da cikina ya tsufa aka mayar da ni gida Tambuwal goyon ciki, kamar yadda ake yi wa duk mai haihuwar fari. Na haifi namiji da saukar ruwan farko. Innata ta yi mini wankan jego na kwana arba'in ba fashi, ruwan zafi safe da yamma, kunun kanwa har sai na ture ƙwaryar da kaina. Nono ya zo sosai, in na ji kukan jariri ko ba nawa ba sai ya jiƙa mini zane. Yaron ya yi ɓul-ɓul, wuyansa ya yi layi uku. Ranar da aka mayar da ni Kebbe, tun ina kan jaki Gwaggo ta kwance shi daga bayana tana rangaɗa guɗa, tana cewa, "Ga mijina ya iso, kowa shi kauce!" Tun daga ranar "mijina" take kiransa, irin wasan kaka da jika.

Ni kuwa ba na kiransa da komai. Ɗan fari ne, kuma a zamaninmu ɗan fari ba na uwarsa ba ne a gaban mutane. Ba ta faɗin sunansa, ba ta yi masa wasa, ba ta ɗaukarsa sai an miƙo mata, in tana ba shi nono ta kau da kai kamar wadda aka sa dole. Wadda ta fi kowa iya wannan ita ake yabo, a ce 'yar mutunci ce, ta san kunya. Ni na iya. Na iya ƙwarai, har matan unguwa suna ba 'ya'yansu misali da ni. Abin da ba su sani ba, in na shige ɗaki na saki asabari nakan sa hancina a tsakiyar kansa in yi ta shaƙa, ina kiran sunansa a hankali yadda ko bango ba zai ji ba. Har yau ban taɓa faɗinsa da ƙarfi ba, ba kuwa zan fara a takarda ba.

Yana wata huɗu ciwo ya kayar da ni. Kaka ce, an fara yankan gero, sauro ya yi yawa saboda fadamar da ke kusa da mu. Zazzaɓi ya fara da yamma, kafin kwana biyu idona ya koma ruwan ɗorawa, aka ce shawara ce. Na yi kwana tara ban san inda kaina yake ba. A cikin kwanakin aka yi bikin samun mulkin kai. Na tuna ina jin kiɗa sama-sama daga wajen fada, ban san na mene ne ba. Tsarana suna tuna makon nan da tuta da shinkafa, ni kuwa abin da na sani shi ne a makon aka ɗauke yaron daga gefena aka kai shi ɗakin Gwaggo.

Ban ga laifin wannan ba, don ko hannu ba na iya ɗagawa. Mijina ya ware saniyarsa mafi nono dominsa. Gwaggo ta shiga yi masa ɗura: ta kwantar da shi a cinya, ta tara tafin hannu a bakinsa, ta zuba madara, ya haɗiye wani ya shaƙe da wani. Da zuciya ɗaya ta yi. A kwanakin nan ta rame kusan kamar ni.

Ran na goma na tashi zaune na sha kunu. Na ji kukansa ta bayan zana, ƙirjina ya amsa. Nonon ya ragu, ya yi laushi ba kamar da ba, amma ya amsa, har ɗigo biyu suka ɓata mini zane. Na gyara zama ina jira a miƙo mini shi. Ba a miƙo ba. Da azahar Gwaggo ta leƙo ta ce, "Sannu ɗiyag ga, Allah ya tashe ki. Amma ba a ba shi nonon ga sai an gwada, shawara shiga nono takai. Na aika a kiro ungozoma."

Na ce, "To, Gwaggo." Wannan ita ce to ta farko, daga baya na yi ta jera su.

Ungozomar tsohuwa ce mai ido ɗaya, ita ta yanke cibiyar rabin garin har da ta mijina, saboda haka ba a ja da maganarta. Ta zo da safe da ɗan sabon ƙoƙo, ta sa na tatsa a ciki. Da ƙyar na rufe gindin ƙoƙon, nonon ya fito da kauri, kalarsa ta ɗan juya don ya daɗe a kwance. Tun kafin a yi komai ta taɓe baki. Sannan ta tsuguna a gindin rumbu ta tsinto kiyashi uku da tsinke, ta jefa su ciki ɗaya bayan ɗaya. Ƙa'idar ita ce, in sun yi iyo sun fita, nono lafiyarsa lau. In sun mutu a ciki, ciwo ya ɓata shi, yaron da ya sha zai bi su.

Mu uku muka sunkuya a kan ƙoƙon. Ban taɓa roƙon Allah a kan wani abu kamar yadda na roƙe Shi a kan ƙwarin nan ba. Biyu suka nutse nan da nan. Na ukun ya yi ta wutsil-wutsil har ya kai gefe, ya kama, santsin sabon ƙoƙo ya mayar da shi. Ya sake kamawa, ya fara hawa. Sai tsohuwar ta ɗan karkata ƙoƙon don ta duba da idonta mai gani, nonon ya gangaro ya rufe shi. Na ga wannan karkatawar. Da idona na gan ta, ban ce uffan ba.

"Kun dai gani," in ji ta. "Duk ukun sun mace. Nonon ga ya ɓaci. Kwana bakwai za a yi ana wankinai, ana tatsewa ana zubarwa, kana mu sake gwadi."

Gwaggo ta dafe ƙirji ta ce, "Allah mun gode da munka gwada. Da yanzu na kashe mijina da hannuna."

Aka shiga wankin nono. Kullum da safe a jiƙa wasu saiwoyi da ungozomar ta kawo, in wanke da ruwansu, in sha saura, a shafa mini man shanu, sannan in tatsa a ƙoƙo. Gwaggo ta karɓa ta kai bayan ɗaki, ta tona rami ta zuba, ta bi da toka ta rufe da ƙasa ta take da ƙafa. Wai kada kaza ta sha, mu zo mu ci ƙwanta. Ina zaune ina kallo ana binne abincinsa, shi kuwa yana ɗaki yana kuka.

Kowace safiya abin da nake tatsa raguwa yake yi. Yau ko yarinya 'yar firamare ta san dalili, nonon da ba a tsotsa janyewa yake yi. Mijina ma ya sani. In ɗan maraƙi ya mutu masa, da kansa yake cusa ciyawa a fatar ya ajiye gaban uwar tana lasa, don kada ta ɗauke nono. Ya san wannan a kan saniya, bai san shi a kan matarsa ba. Gwaggo kuwa in ta ga abin ya ragu sai ta yi murna ta ce, "Kin gani ko, mugun na ƙarewa."

Yaron ya fara gudawa tun ina kwance, aka ce haƙori ne, yaro ɗan wata huɗu. Layukan wuyansa suka tafi ɗaya bayan ɗaya. Kukansa da a da ake ji har gidan maƙwabta ya koma siriri. Maɗigarsa ta faɗa. Gwaggo ta shafa masa magani a kai, ta karɓo rubutu, ta ƙara yawan ɗura, abin da ta zuba ta sama ya fita ta ƙasa kafin ta wanke hannu. Duk wannan daga ƙofar ɗakina nake hango shi da gefen ido, ina tsintar wake ko ina kaɗi, kamar ɗan wata ake jinya.

Sau ɗaya na yi wa mijina magana. Ban ce ɗana ba, bakina bai iya ba. Na kai masa ruwan alwala na durƙusa na ce, "Malam, yaron Gwaggo ya rame."

Ya karɓi butar ya ce, "Na gani. Abin mata na, tsohuwata ta fi mu sani. Ki yi haƙuri, kwana nawa na."

Da ya idar da salla ya je ya ƙara wa saniyar dusa. Iyakar abin da ya iya ke nan.

Ran kwana na biyar da fara wankin aka yi gayyar kwasar gero a gonarmu. Dole Gwaggo ta kai wa mutane fura da kanta, don ni ƙafata ba ta yi ƙwari ba tukuna. Da hantsi ta ɗauki ƙwarya a ka ta ce, "Shina barci. Ki sa kunne, yanzu nika komowa." Ta fita. Unguwar ta yi tsit, kowa yana gona.

Ba ta daɗe da fita ba ya farka. Na shiga ɗakinta na ɗauke shi, rabona da taɓa shi kwana goma sha biyar. Hannuna ya san nauyinsa na da, sai na ji kamar na ɗauki zanen goyo babu yaro a ciki. Yana jin ƙanshina ya bar kuka. Ya juyo da kai, ya buɗe baki yana lalube a kan zanena, hannunsa ya damƙi bakin zanen. Na ji nono ya tsarga mini har cikin hammata. Ba kowa a gidan, ko akuya tana waje. Na zauna a bakin gadon Gwaggo na sassauta zane. Tsakanin bakinsa da nonon bai fi faɗin yatsa biyu ba.

Sai kiyashin nan uku suka faɗo mini a rai, a nannaɗe a gindin ƙoƙo. Na ce a raina, in gaskiya ne fa? Na ga an karkata ƙoƙon, amma biyun farko ai ba wanda ya taɓa su. In ya sha ya mutu, ni na kashe shi. Kuma duk Kebbe za ta ji cewa ga marar kunyar da ta kasa daurewa a kan ɗan fari, ta saci jiki ta ba shi guba. Ba zan yi wa kaina ƙarya a takarda ba, tsoro biyu ne suka kama ni, na mutuwarsa da na bakin mutane, kuma har yau ban iya rantsewa wanne ya fi girma ba. Na ja zanena na ɗaure tamau.

Na tsoma ɗan yatsa a ruwa na sa masa a baki. Ya kama ya tsotsa da ƙarfi har na ji zafi a farce. Wannan ƙarfin shi ne abin da ya hana ni sakat shekara da shekaru, don yaron da ke tsotsa haka bai gama da duniya ba. Da ya gane ba komai a yatsan ya saki, bai ma yi kuka ba, ya tsaya yana kallona. Na mayar da shi inda na ɗauke shi, na gyara shimfiɗar yadda na same ta. Gwaggo ta dawo ta tarar da ni a gindin turmi. Da yamma na ji tana gaya wa maƙwabciya ta kan zana, "Ɗiyag ga akwai kunya. Na bar ta da shi, ko kallonai ba ta yi ba."

Ran na bakwai ungozoma ta dawo da ƙoƙonta. Abin da na tatsa bai cika cokali ba. Kiyashi ɗaya ya taka ya fita abinsa don ba zurfin da zai nutse, biyu suka maƙale. Ta ce da sauƙi, amma da saura, a ƙara bakwai. Gwaggo ta ce to, ta juya ta je ɗumama madara.

A nan na tirje, amma ko a nan ban tirje da sunan yaron ba. Na shiga ɗaki na kwanta na ƙi cin abinci, na ce ni Innata nake so. Mace tana iya kuka ta ce uwarta take so, ba mai zarginta, ɗanta ne ba ta isa ta nema ba. Kwana biyu ina haka, Gwaggo ta tsorata kada ciwon ya dawo, ta ce a kai ni. Mijina ya ɗaura wa jakuna biyu akumari muka yi sammako. Gwaggo ta goya yaron, ta rataya gorar madara wadda kafin rana ta take ta yi tsami. Yini guda muna tafiya ina bayansu, idona a kan ɗan kansa da ke lilo a bayanta.

Mun shiga Tambuwal bayan la'asar. Innata tana tsakar gida tana tankaɗe. Ita mace ce mai zafi, a wurinta na gaji nawa, sai dai nawa ya makara bai zo ranar da ake bukatarsa ba. Ta amsa gaisuwa a tsaye, ta buɗe mayafin da aka rufe yaron ta duba. Ta daɗe tana dubawa, sannan ta ɗago ta kalle ni, ba Gwaggo ba.

"Kwana nawa rabonai da nono?"

Na sunkuyar da kai. Gwaggo ta amsa, ta ce ashirin ko da ɗaya, ta kwashe labarin shawara da ungozoma da ƙoƙo ta faɗa mata, da muryar wadda ta san ta yi abin da ya kamata.

Inna ta ce, "Kiyashi? Kiyashi kunka tambaya?"

Ta kwance shi daga bayan Gwaggo ba ta nemi izini ba. Ta zaunar da ni a kan tabarma, ta sa hannu ta kwance mini zane a gaban surukata, ta ɗora mini shi. Gwaggo ta yi salati ta ce, "Ke kuwa yi wa Allah, bai warke ba, guba na!"

Inna ta ce, "Na san gwadin ga, ni ma an yi man shi. Amma ban taɓa ganin an bar yaro ya kai haka ana jiran ƙwaro ba. In guba na shi sha, ni na ɗauka."

Ya kama. Bakinsa da zafi, a bushe. Ya ja sau biyu, sau uku, ya saki, kansa ya koma baya. Na sake sa masa, ya riƙe kawai bai ja ba. Ƙarfin nan da na ji a yatsana kwana biyar da suka wuce babu shi.

Da safe muka kai shi ɗakin shan magani na garin. Malamin asibitin saurayi ne mai farar riga. Ya tsunkuli fatar cikin yaron ya saki, fatar ta tsaya a tsaye ba ta koma ba. Ya tambaya wa ya ce a hana shi nono. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya ba da magani, ya ce in riƙa sa shi a nono ko bai ja ba, in kuma tatsa a cokali ana ɗiga masa. Haka muka yi. Inna ta hura wuta ta koma dama mini kunun kanwa kamar sabuwar mai jego, ta tsaya a kaina sai na shanye.

Ran na uku da hantsi ya cika. A cinyar Gwaggo ya cika, don ko a ranar da mutane suka fara shigowa dubiya sai na miƙa mata shi na koma gefe. Ta fasa kuka tana kiran mijina, mijina, mata suka rufu a kanta suna ba ta haƙuri. Ni aka ce in daure, ba a kukan ɗan fari. Masu gaisuwa suka gaishe ta, suka gaishe da Inna, in sun zo kaina su ce yarinya ce ke, Allah Ya ba ki mai tsayawa. Na daure. Wannan ma na iya.

Washegari ina ɗaki na ji Gwaggo a tsakar gida tana magana da matan da suka zo, murya ƙasa-ƙasa, ba da nufin in ji ba. Ta ce, "Na faɗi, nonon ga bai warke ba. Kwana ashirin shina hannuna da rai. Kwana uku da shanai, ga shi nan." Ba wadda ta musa mata. Inna tana madafa ba ta ji ba. Ni kuwa maganar ta shige ni ta zauna, don lissafin ya yi daidai. Na kwanta da ita na tashi da ita, ina cewa ashe da gaske ne, ashe ɗigon da na yi ta ɗiga masa a cokali shi ya ƙarasa shi.

Kwana uku da binne shi nono ya zo. Kunun Inna da sa shi da aka yi ta yi sun yi aikinsu, sai dai mai sha ya tafi. Na tashi ƙirjina ya yi tauri kamar dutse, zanena sharkaf, ko hannu ba na iya saukewa. Inna ta duba ta kau da kai, ta ce in je bayan ɗaki in rage. Ba ta ba ni ƙoƙo ba, ba ta tona rami ba, ba ruwanta da toka. Na tsuguna a gindin rumbunmu na tatsa a ƙasa. Ya fito fari tas, da yawa, ya taru a wani ɗan kwari inda ƙasar ta yi tauri. Da na gama ban sami ƙarfin tashi ba, na zauna a wurin na jingina da rumbun.

Ina zaune kiyashi ɗaya ya zo. Ya tsaya a bakin nonon, ya sa baki. Na ce a raina, kai ma ka tafi. Ya sha, ya juya ya kama hanyarsa. Kafin wani lokaci ya jawo 'yan'uwansa, layi guda tun daga gindin katanga. Suka kewaye nonon suka jeru a bakinsa, ba wanda ya jefa su ciki, ba wanda ya karkata musu komai. Suna sha har cikinsu ya yi haske, su juya su tafi, wasu su maye wurin. Tun hantsi nake kallo har aka kira azahar. Na ɗauki tsinke na bi layin da rarrafe har bakin raminsu, ina ɗaga ganye ina ture tsakuwa, ina neman wanda ya faɗi a hanya. Ban sami ko ɗaya ba.

Na miƙe da nufin in jawo Gwaggo ta hannu in kawo ta ta gani. Na zo har ƙofar ɗakin da aka sauke ta. Tana zaune ita kaɗai da 'yar hularsa a hannu, ta tsufa a mako guda. Ta ɗago ta ce, "Mi ya faru, ɗiyag ga?" Na ce, "Ba komi, Gwaggo." Na koma Kebbe na zauna da ita shekara ashirin, na yi jinyarta har ta rasu, ta tafi da yaƙinin cewa nonona ya kashe mata jika, kuma ta yafe mini. Wannan yafewar ta fi zagi ciwo, na kuwa haɗiye ta kullum tare da tuwo.

Na haifi bakwai bayansa. A haihuwata ta biyu na sake kwanciya zazzaɓi, da na tashi na ga an ajiye sabon ƙoƙo a ƙofar ɗakina. Na sa ƙafa na take shi ya fashe, na ɗauki ɗiyata na zauna a tsakar gida na ba ta nono kowa na gani. Aka ce ciwo ya taɓa mini kai. Ba wanda ya ƙara kawo mini ƙoƙo. Abin da ya ci mini rai shi ne sauƙin abin, ashe taku ɗaya ne, kuma ƙafar nan ina da ita tun ranar gayyar gero.

Mutane za su zaci na yi murna da na ga kiyashin nan sun sha sun tafi lafiya, tunda sun wanke ni daga maganar Gwaggo. Ban yi ba. Matacce nake nema a ranar, da gaske nake nemansa. Da na sami ko guda ɗaya, da na ce na yi daidai da na ɗaure zanena a ɗakin Gwaggo yana lalube da baki. Ban samu ba. Sun sha sun ƙoshi da nonon da na hana shi, suka koma raminsu da ƙafafunsu. Shi ya sa har yau in na ga layinsu nake tsayawa ina dubawa.